Yadda Ake Sanin Lokacin Juye Mai da Ruwa a Tsohuwar Motar Gudu da Ba Ta Yawan Fita

Motar gudu mai shekara ashirin ko talatin wadda mitarta ba ta kai kilomita 40,000 ba tana yaudarar mai ita. Fenti na sheƙi, kujeru ba su goge ba, sai mutum ya ɗauka cikinta ma haka yake. Ka buɗe littafin motar ka duba wurin da aka yi maganar juye, za ka ga lamba biyu ce: kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga cika. Yawancin mutane ta farkon suke karantawa su rufe littafin. To motar da ke yin kilomita 1,500 a shekara sai ta shafe sama da shekara shida kafin ta cika 10,000, kuma babu bakin man da zai yi shekara shida a cikin inji yana da lafiya. A irin wannan mota, kwanan wata ake bi, mita shaida ce kawai.

Dalili ɗaya ne ya ratsa kusan duka: laima. Ƙarfe ya yi zafi ya huce, raɓa ta taru a ciki. Motar da ke tafiya kullum tana ƙone wannan laimar, wadda ke ajiye kuwa tara ta take yi.

Kayan aiki

- Littafin motar. Shi ke faɗin nau'in mai, yawansa, da ƙarfin ɗaurin kowane noti. In babu, nemi littafin gyara na wannan samfurin da wannan shekarar, domin kamfani kan canja mai tsakanin shekara da shekara.
- Jak, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. Motar gudu a ƙasa take sosai, sau da yawa jak ba ya shiga. Hau da tayoyin gaba kan katako mai kaurin yatsa uku, jak zai samu hanya.
- Sufanu da soket, da sufana mai awon ƙarfin ɗauri.
- Abin kwance filta, mazurari, da faffaɗan kwano mai cin lita 10 ko fiye.
- Sababbin washa na notin juye, na inji da na giya da na aksul.
- Babbar sirinji, da siririn tiyo garai-garai wanda ake ganin abin da ke bi ta ciki, tsawon mita ɗaya.
- Ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin robar mai, don ɗura giya daga ƙasa.
- Tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. A lura: ruwan zalla, ba asid ba.
- Mitar awon lantarki, da alƙalamin gwada laimar man birki in da hali.
- Safar hannu, tabarau, tsummoki, da farar takarda.
- Mutum na biyu, ranar birki.

Ga wa'adin a taƙaice, kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya. Bakin mai da filta, kowace shekara. Man birki da na kuloc, shekara biyu. Ruwan lagireto, shekara biyu ko biyar gwargwadon irinsa. Man giyar hannu da na aksul, shekara huɗu zuwa biyar, na giyar otomatik biyar zuwa shida. Man sitiyari, kusan kamar na aksul. Fetur kuwa watanni yake yi, ba shekaru ba. Idan littafin motarka ya faɗi wa'adin da ya fi wannan gajarta, bi littafin.

1. Gano inda aka kwana

Tattara duk rasit da takardar gyara da ta zo da motar. Abin da kake nema kwanan wata ne. Duk man da ba ka ga ranar juyensa a rubuce ba, ɗauka ba a taɓa juye shi ba. "Ai ba a daɗe da yin sabis ba" magana ce ta mai sayarwa, kuma galibi bakin mai kaɗai yake nufi.

Sai ka ɗiga kowane mai a kan farar takarda, ka jera su a haske. Bakin mai daga geji, man birki da na sitiyari da sirinji, ruwan lagireto a ƙaramin kofi. Duba launi, murza tsakanin yatsu, shinshina. Wannan zai nuna maka wanda ya fi gaggawa, amma kada ka yarda launi ya zama alƙali. Man birki na iya cika da ruwa yana nan garau, bakin mai na iya yin tsami bai yi duhu ba.

Idan motar ta shekara biyu ko fiye ba a tayar da ita ba, kada ka murza makulli tukuna. Juye bakin mai a sanyi, zuƙe tsohon fetur, cire fulogogi ka ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka juya injin da sufana zagaye biyu ka tabbatar bai cije ba. Kuma kada ta taka titi sai an gama da birki.

2. Ɗumama ta, ka ɗaga ta daidai

In motar tana tafiya, yi zagaye na minti goma zuwa sha biyar. Mai ɗumi ya fi tsinkewa, kuma dattin da ya kwanta ya tashi ya bi shi ya fita. Ba ta minti goma ta ɗan huce don kada salansa ta ƙone ka. Ɗaga ta a ƙasa mai tauri, a wuraren da littafi ya nuna, ka ɗora ta kan ƙafafu huɗu ta yadda gaba da baya suka daidaita. Daidaiton nan ba ƙawa ba ce: awon man giya da na aksul ya dogara da shi. Girgiza ta da hannu kafin ka shiga ƙasa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

3. Bakin mai: sau ɗaya a shekara, ko da kilomita 500 ta yi

Duk lokacin da aka tayar da inji a sanyi, tururin ruwa da ɗanyen fetur suna zurarewa ta gefen fistan su gangara cikin mai. Ba sa fita sai man ya yi zafi sosai, wajen digiri 90 zuwa 100, ya kuma jima a haka. Allurar zafi da ke gabanka ta ruwa ce, shi kuwa mai yana baya, sai an yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin yake kai wa. Ruwan da ya rage yana haɗuwa da hayaƙi ya zama asid, asid ɗin ya zauna wata da watanni yana cin metal da sauran wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe.

Shi ya sa al'adar nan ta tayar da mota duk mako a bar ta tana silo minti biyar a gareji ɓarna ce. Ana yi ne da kyakkyawar niyya, amma laima ake ƙara wa inji da salansa. Ko dai a fita da ita a yi tafiya ta gaske, ko a bar ta ta yi barcinta, a jona batir da ƙaramar caja.

Buɗe murfin zuba mai ka duba bayansa. Farin abu mai kauri kamar kindirmo alamar laima ce. Kaɗan a murfi kawai, a motar da ke gajerun tafiye-tafiye, ba abin tsoro ba ne. Amma idan geji ma ya fito da mai mai launin shayi da madara, kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan gasket ɗin kan inji ne, juye ba zai magance shi ba. Idan kuma mai ya haura alamar sama a geji yana warin fetur, fetur ne ya tsinka shi. Juye nan take, sannan ka bincika kafireto ko nozul.

Aikin kansa: sa kwano, kwance notin ƙasa, bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Kwance filta, ka dubi inda ta zauna. Idan tsohuwar robar ta manne a jikin inji ka ɗora sabuwa a kanta, mai zai fashe ya tsiyaye cikin minti kaɗan da tayarwa, kuma haka injuna da yawa suka buga. Shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, murza da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Sa sabuwar washa a noti. Yawancin notin juye ƙarfin ɗaurinsu tsakanin Nm 25 da 40 yake a sufana mai awo, amma duba littafi, musamman in kaskon man alminiyom ne, domin zarensa ba ya jure ƙarfin hannu. Zuba ƙasa da adadin da rabin lita, tayar, ka ga fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, kashe, jira minti biyar, sannan ka cika zuwa alama. Galibi lita huɗu zuwa shida ne.

Akwai waɗanda suka fita daban. Tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya inji da iska tana da tankin mai a gefe, notin juye biyu ne, tana cin wajen lita 10, kuma ana duba gejinta ne inji yana aiki bayan ya yi zafi. Wanda ya duba a kashe zai ga kamar babu mai, ya yi ta ƙarawa har ya wuce ƙa'ida.

Kaurin mai, bi littafi. Kada ka zuba siririn man motocin yau irin 0W-20 a injin da aka ƙera don 20W-50. Tsofaffin injuna da yawa, musamman na kafin ƙarshen shekarun 1980, suna buƙatar mai mai isasshen sinadarin zinc, wanda ake rubutawa ZDDP, saboda kam ɗinsu goga yake yi kai tsaye. An rage wannan sinadari a man zamani don yana lalata matatar hayaƙi ta cikin salansa. Ana sayar da mai na musamman don tsofaffin injuna, ya fi a sayi kowane iri a riƙa tsiyaya masa ƙari da ka.

Lokacin juye kuma: kafin a ajiye mota, ba bayan an ɗauko ta ba. In za ta yi wata huɗu a rufe, ta yi su da sabon mai a cikinta.

4. Man birki da na kuloc: shekara biyu, babu ragi

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne mai kisa. Man birki nau'in DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 duk suna shan laima daga iska, ta murfi da ta jikin tiyon roba, ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. Idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A tafiyar gari ba za ka ji bambanci ba. Sai ranar da ka sako gangare mai tsawo ko ka taka birki da ƙarfi sau biyar a jere, mai ya tafasa a kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a taya, ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. Motar gudu an yi ta ne don irin wannan tuƙin, saboda haka ita ta fi shiga haɗarin.

Ɓarna ta biyu a hankali take yi: ruwan yana sa tsatsa a cikin kalifa, da masta (famfon da feda ke turawa), da famfon ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki). Motar da ke ajiye fistan ɗin kalifarta ba ya motsi, sai ya cije. Alamarsa, mota tana ja gefe ɗaya, ko wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya. In kana da alƙalamin gwaji, kashi 2 gargaɗi ne, kashi 3 juye yau. Ka tuna a kofin sama kake gwadawa, na cikin kalifa ya fi shi lalacewa. Wanda ke shiga filin tsere da motarsa, ya juye duk shekara.

Dubi murfin kofin, nau'in man a rubuce yake. DOT 3, 4 da 5.1 suna haɗuwa. DOT 5 kuwa, duk da kamar suna, silikon ne, launinsa shunayya, ba ya haɗuwa da sauran kuma bai dace da ABS ba. Wasu tsofaffin motoci kamar Citroën suna amfani da koren mai da ake kira LHM, in aka zuba musu DOT robobinsu sun gama aiki. Saya sabuwar roba a rufe, lita ɗaya ta isa. Ragowar da aka buɗe bara ta riga ta sha iska.

Goge kewayen murfi kafin ka buɗe. Zuƙe tsohon man da sirinji amma bar kaɗan a ƙasa don kada iska ta shiga ramin, sannan ka cika da sabo. Fara da tayar da ta fi nisa da masta, ka ƙare da mafi kusa, sai dai in littafi ya ba da wani jeri. A kowace kalifa akwai ɗan noti mai rami na fitar da iska. Fesa masa man warware tsatsa tun daren jiya, ka kama shi da sufana mai zobe, domin in ya karye aiki ya zama na cire kalifa. Sa tiyo a kansa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Abokin aikinka ya taka feda ya riƙe, ka buɗe kwata, mai ya fita, ka rufe, sannan ka ce ya saki. Kada ya saki kafin ka rufe. Maimaita har sai man da ke bin tiyo ya fito fari tas babu kumfa. Duk bayan taku biyar ko shida, leƙa kofin ka ƙara. In ya ƙafe, iska ta shiga masta, a ABS kuma wani lokaci sai da na'ura ake fitar da ita.

Ga abin da ya keɓanci tsohuwar mota: sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Shekara da shekaru fistan ɗin masta rabin hanya yake zuwa ya dawo, sauran rabin ya yi tsatsa. Ka tura shi can, tsatsar ta yage robar, ka gama juye ka tarar birkin da ke aiki da safe ya daina. In ba ka da mataimaki, buɗe notin ka bar man ya riƙa ɗiga da kansa, taya ɗaya bayan ɗaya, kana ƙara kofin. Yana cin lokaci amma ba ya taɓa masta.

Wasu kalifofin motar gudu noti biyu gare su, ciki da waje, duka za a yi. Kuloc mai aiki da mai shi ma a juye shi rana ɗaya, ko kofinsa daban ne ko yana sha daga na birki. Yawanci shi ya fi baƙi. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga, kwara ruwa nan da nan, kada ka goge da busasshen tsumma.

5. Ruwan lagireto

Ruwan sanyaya inji aiki uku yake yi: hana daskarewa, ɗaga zafin tafasa, da hana tsatsa. Na farko da na biyu suna daɗewa. Na ukun ne ke ƙarewa da shekaru. Da ya ƙare, ruwan ya fara cin alminiyom na kan inji, da famfon ruwa, da lagireton hita da ke bayan dashbod, wanda canja shi kan ci yini guda. Ko a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba, ruwa zalla ba ya maye gurbinsa.

Tsohon nau'i, wanda ake kira IAT, shekara biyu yake yi. Nau'in OAT da danginsa suna kai wa biyar. Kada ka zaɓa da launi, rini ne kawai, kamfanoni kuma ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Karanta bayan robar ka gwada da littafi. Motar da lagiretonta jan ƙarfe ne da aka liƙe da dalma, tsohon nau'in ya fi dacewa da ita. Haɗa iri biyu yana rage wa'adin, wani lokaci ya yi dunƙule ya toshe hanya. In ba ka san abin da ke ciki ba, wanke shi gaba ɗaya ka fara sabo.

Gwaji mai sauƙi: sa mitar lantarki a kan awon batir, baƙin waya a jikin batir ɓangaren da ba wuta, jan waya a cikin ruwan ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. In ta nuna sama da volt 0.3 ko 0.4, ruwan ya fara ɗaukar lantarki, ko dai ya mutu ko akwai wayar da ba ta kama jiki sosai ba.

Ana yin wannan inji a sanyi ƙalau. Buɗe murfin lagireto da zafi yana tafasa fuska. Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi. Buɗe notin ƙasan lagireto, in na roba ne ya tsufa, gara ka zare tiyon ƙasa. In jikin inji yana da nasa notin, buɗe shi ma, domin kusan rabin ruwan can yake zama. Cika da tataccen ruwa, tayar har ya yi zafi, bari ya huce, zubar. Maimaita har ya fito garau. Sai ka haɗa sinadarin ruwan lagireto da tataccen ruwa rabi da rabi, wanda ke hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Dabara: tunda akwai ruwan da ke maƙalewa a ciki, fara zuba tsantsar sinadarin daidai rabin abin da littafi ya ce motar na ci, sannan ka cike da ruwa. In wanda ka saya an riga an haɗa shi, kada ka ƙara masa ruwa. Ruwan famfo yana barin farin ƙasa-ƙasa a ciki.

Zuba a hankali. Bar murfi a buɗe, inji yana silo, kana matsa tiyon sama da hannu kumfa na fita, har tiyon ya yi zafi, fanka ta tashi, hita ta busa iska mai zafi. Hita mai sanyi alhali allura tana hawa, iska ce ta maƙale. Motocin da injinsu ke tsakiya, irin Toyota MR2, Porsche Boxster da Lotus Elise, lagiretonsu a gaba yake, bututu masu tsawo suka ratsa ƙasan motar. Suna cin ruwa da yawa, suna da wuraren fitar da iska fiye da ɗaya, kuma gaggawa a nan obahitin take jawowa. Washegari da safe sake duba ka ƙara.

Tunda ruwa ya fita, matsa kowane tiyo. Wanda ya yi tauri yana ƙaras-ƙaras, ko ya yi laushi ya kumbura kusa da maɗauri, canja shi yanzu. Murfin lagireto ma yana tsufa. Tsohon ruwan yana da zaƙi kuma guba ne, kare ko kyanwa ko yaro na iya sha, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano.

6. Giyar hannu da aksul na baya

Waɗannan ba sa haɗuwa da hayaƙi, shi ya sa suke daɗewa. Amma suna numfashi ta ɗan rami a sama, laima tana shiga, kuma haƙoran da ke saman mai suna bushewa su yi tsatsa idan mota ta jima a tsaye. Shekara huɗu zuwa biyar, ko kilomita 50,000. In wanda aka zuba a kamfani ne har yau, kada ka jira.

Doka ta farko: kwance notin zubawa, na gefe, kafin na juyewa. Idan ka fara zubar da mai sannan ka tarar na saman ya cije, ka kafe da mota babu mai a giya. Notin ƙasa yawanci yana da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi a kansa ba komai ba ne. Ɓarɓashin da kake ji a yatsa, ko gutsuren haƙori, labari ne daban. Ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man, zobban tagulla ne da ke daidaita shigar giya suke cinyewa. Goge, sa sabuwar washa, ɗaure, ka ɗura da famfo har mai ya fara dawowa ta ramin. Jira ya koma ɗigo, rufe. In babu famfo, zuro dogon tiyo daga wajen inji ka sa mazurari a sama, ka ɗumama robar man a ruwan zafi don ya gudu.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zuba mai ɗaya a duka biyun. Aksul yana son man giya mai alamar GL-5. Giyoyi da yawa GL-4 suke so, domin GL-5 ya cika santsi ga zobban tagulla, wasu nau'o'insa ma suna cin su. Sakamakon, giya ta biyu ta fara ƙara in za ta shiga. A Mazda MX-5 ta farko, misali, giya na cin kusan lita biyu, aksul kuwa lita ɗaya ko ƙasa da haka. Sai dai akwai giyoyin hannu da ke amfani da jan man otomatik, tsohuwar MGB kuma bakin mai ake zuba wa giyarta. Kada ka yi hasashe. Aksul mai kulle tayoyi biyu ta hanyar faifan kuloc yana buƙatar mai mai alamar LS, in ba haka ba za ka ji baya na gurnani yana karkarwa a kwana. Nau'in Torsen, mai kullewa da haƙora maimakon faifai, ba ya buƙatar wannan.

7. Giyar otomatik

Shekara biyar zuwa shida, ko kilomita 60,000, ko da littafi ya ce man na har abada ne. Lafiyayye ja ne garau. Ruwan ƙasa mai warin ƙuna ya nuna faifan ciki sun sha wuta. A tsohuwar giya, guji wankin na'ura mai matsin lamba. Juye ta noti ko ta cire kasko, canja filta, auna abin da ya fita ka mayar da daidai shi. Wannan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kawai yake fitarwa, saboda haka yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku ka maimaita sau biyu. Yawancinsu ana duba su da zafi, inji na aiki. Waɗanda ba su da geji sai an auna zafin man, gara a kai wa mai na'ura.

8. Sitiyari

Zuƙe kofin da sirinji, cika da sabo, tayar, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau biyar ba tare da ka danne shi a ƙarshen ba, kashe, maimaita har launi ya gyaru. Lita ɗaya takan isa. Wasu jan man otomatik suke sha, wasu motocin Turai kuma koren mai CHF 11S. Murfi zai faɗa maka, kuma ba a haɗa su.

9. Fetur

Bayan wata uku zuwa shida ya fara lalacewa. Ɓangaren da ke saurin kamawa ya tashi, sauran ya yi ɗanƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireto ko nozul. Warinsa kan koma kamar na tsohon fenti. Wanda aka haɗa da etanol, kamar E10, yana jan laima, in ta yi yawa sai ruwa da etanol su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Yana kuma cin tiyon roba na tsofaffin motoci, tiyon fetur mai tsagewa kuwa gobara ce. Kafin ajiya, cika tanki, zuba sinadarin adana fetur gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, ka yi tafiyar minti goma don ya kai har inji. Wanda ya wuce shekara, zuƙe shi da famfon hannu a fili, nesa da wuta, ka canja filtar fetur.

10. Gwaji da rubutu

Kafin ka sauke ta, tayar ka leƙa ƙasa da tocila: filta, notocin juye, tiyoyi, kalifa huɗu. Sauke, ɗaure notin tayoyi da awo. Taka birki tana tsaye, ka riƙe da ƙarfi rabin minti. Feda ta tsaya cak. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta tafi, motar ba za ta fita ba. In tana da laushi amma tana tauri idan ka buga sau uku, iska ce, koma mataki na huɗu. Gwada birkin a hankali a inda babu mutane, sannan ka yi tafiyar rabin awa idonka na kan allurar zafi. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe ɗigo zai nuna maka wurin da launin.

Rubuta kwanan wata, kilomita, sunan mai da adadinsa a ƙaramin littafi ka ajiye a cikin motar, ka liƙa takarda a kofin birki da watan da shekarar. A shafi ɗaya ka rubuta ranar da aka canja bel ɗin taimin, in injin bel gare shi, domin shi ma shekaru yake bi, galibi biyar zuwa bakwai. Tayoyi ma haka: lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu mako ne da shekarar da aka yi su, 2315 na nufin mako na 23 a 2015.

Tsohon mai, zuba kowane iri a robarsa daban ka rubuta sunansa a jiki. Masu karɓar tsohon bakin mai ba sa son wanda aka gauraya da man birki ko ruwan lagireto, kuma babu ɗaya a cikinsu da ake zubarwa a ƙasa ko a kwata.